Cinikin Biri a Sama: Makaɗan Kalgo da Dillalin Wasa

Da zarar an gama yankan shinkafa a fadamun Kalgo, kuɗi ya shiga hannun manoma, sai kakar makaɗa ta kama. Bukukuwan auren da aka yi ta ɗagawa tun damina sukan taru su cunkushe cikin 'yan makonni, a buɗe filayen dambe da kokawa, masu sarauta su sa ranar naɗi, idan kuma shekarar zaɓe ce 'yan siyasa su ɗora nasu a kai. A irin wannan lokaci ne wani sabon baƙo ya saba bayyana a ƙofar gidan shugaban makaɗa. Ba wakilin ango ba ne, ba kuma ɗan aiken fada ba. Mutum ne mai tsaf-tsaf da wayoyi biyu, yana kiran kansa manaja ko furomota, riƙe da takarda shafi uku ko huɗu da Turanci. Yana da hanya, in ji shi, a manyan ɗakunan taro na Abuja da Kaduna, ya san masu shirya wasa a Yamai, akwai ma maganar Turai idan Allah ya nufa. Abin da ya rage kawai shi ne a sa hannu a shafin ƙarshe.

Sau da yawa a zaman farko ake sa hannun, ko a dangwala yatsa. Idan aka tambayi makaɗin dalilin da ya hana shi bincike, amsar ba ta wuce cewa mutumin ya zo da mutunci, ya yi gaisuwa, ya ambaci sunayen manya, kuma sana'ar kiɗa tun asali a kan amana take tafiya. Wannan amsa kuskure ce, kuma kuskure mai tsada. Mafi muni, tana jingina wa al'adar Hausa abin da ba nata ba. Bahaushe bai taɓa ba da amana a makance ba. Abin da makaɗan nan suke yi shi ne ainihin abin da kasuwa ta daɗe tana yi wa dariya, wato cinikin biri a sama.

Gaskiya ne manyan makaɗan ƙasar Sakkwato da Zamfara da Kabi ba su san takardar yarjejeniya ba. Ibrahim Narambaɗa bai rattaba hannu da Sarkin Gobir na Isa ba, haka Salihu Jankiɗi da fadar Sarkin Musulmi, haka Musa Ɗanƙwairo da iyayen gidansa. To amma a dubi abin da ke tsaye a madadin takardar. Ubangidan makaɗi sananne ne, gidansa ba ya tashi, kuma sunansa shi ne jarinsa. Idan ya yi alkawarin doki ko riga ya saɓa, makaɗin na da makamin da ya fi sammacin kotu kaifi, domin zambo ɗaya ya isa ya bi mutum har jikokinsa. Mai gayyatar biki kuma da goro yake zuwa, a gaban mutane, ya faɗi rana da wuri, ya ba da kuɗin mota. Kyautar da aka samu a fili sanƙira ne ke shelanta ta da babbar murya, kowa ya ji adadinta, a daren nan kuma a zauna a raba. Babu wani lungu a cikin wannan tsari da kuɗi zai bi ba tare da idon shaida ba. Amanar da ake taƙama da ita tana da turaku uku: an san mutum, an san gidansa, kuma yana da abin da zai rasa idan ya ci amana. Baƙon nan mai wayoyi biyu ba ya ɗaure a ko ɗaya daga cikinsu. Zambo ba ya kama wanda zai iya jefar da layin wayarsa a kwata ya sayi wani.

Kasuwa ma haka take. Wanda ya taɓa kai dabba kasuwar Jega ya san dillali ba ya tsirowa daga ƙasa. Yana da sarkin dillalai a kansa, yana da rumfar da ake samunsa, kuma idan saniyar da ya sayar ta zama ta sata, wuyansa za a fara kamawa. La'adarsa ladan tsayawa ce, ba ladan zaƙin baki ba. Masanin nan Abner Cohen, wanda ya zauna da Hausawan Sabo a Ibadan a farkon shekarun 1960 ya kuma fitar da littafinsa a 1969, ya bayyana yadda ake sayar wa mahautan garin shanun Arewa bashi ba tare da takarda ba. Sirrin abin shi ne maigidan da ya sauki fatake shi ke lamunce kuɗin, shi da dillalansa kuma aikinsu kullum shi ne sanin halin kowane mahauci: wa ya biya, wa ya yi jinkiri, wa ya fara karyewa. Bincike ne wanda ba ya yankewa. Haka kuma babu uban kirki a Kalgo ko Gwandu da zai ba da 'yarsa ga baƙo don ya iya gaisuwa. Sai an tura mutum garinsu, an tambayi liman da maƙwabta, an ji sana'arsa da dalilin rabuwarsa da matarsa ta fari. Ba wanda ke kiran wannan cin fuska. Yaya aka yi al'ummar da ke bin diddigin mai neman aure har ƙauyen kakansa ta ga rashin kunya ne a tambayi wanda zai riƙe abincin mutum goma na shekara biyar ko wane ne shi?

Akwai uzuri guda biyu da ya kamata a saurara da adalci. Na farko shi ne tsoro. Makaɗin ƙauye na ganin idan ya cika tambaya, dillalin zai naɗe takardarsa ya tafi Bunza ko Argungu wajen wanda ba shi da tsirfa. Hakan na iya faruwa. Sai dai dillalin da tambaya ke kora ya riga ya ba da amsar da ake nema, kuma ya ba da ita kyauta. Na biyu ya fi zurfi. A ƙasar da malaman jihadi, har da Abdullahi ɗan Fodiyo da ke kwance a Gwandu, suka yi rubutu mai tsauri a kan kaɗe-kaɗe, makaɗi ya tashi da sanin cewa ana jin daɗinsa amma ba a girmama sana'arsa. Yana jin nauyin tsayawa gaban alƙali ya ce an cinye masa kuɗin kiɗa. Macuci ya san da wannan nauyi, da shi ma yake lissafi. Amma wannan hujja ce ta ƙara bincike, ba ta rage shi ba. Wanda ya san da wuya ya kai ƙara bayan an cuce shi, shi ya fi kowa bukatar rufe ƙofa tun kafin a shigo.

Kada kuma a ɗauka wannan ciwon ƙauye ne ko na rashin boko. Elvis Presley, mawaƙin da ya fi kowa tashe a Amurka a zamaninsa, ya damƙa al'amuransa tun tsakiyar shekarun 1950 har mutuwarsa a 1977 ga wani mai suna Kanar Tom Parker, wanda ke cewa a jihar West Virginia aka haife shi. Ashe sunansa na yanka Andreas van Kuijk, ɗan ƙasar Holan ne da ya shiga Amurka ba bisa ƙa'ida ba, kanar ɗin ma na girmamawa ne, ba na soja ba. Ya fara da karɓar kashi 25 cikin 100, daga baya rabonsa a wasu harkokin ya kai rabi. Duk da yadda duniya ke begen ganin Elvis, bai taɓa yin wasa a wajen Amurka ba in ban da 'yan wasanni a Kanada a 1957, kuma masu rubuta tarihinsa da dama na danganta hakan da cewa manajan ba shi da fasfon da zai fita ya dawo. Sai bayan mutuwar mawaƙin, da kotu ta naɗa lauya ya duba haƙƙin 'yarsa, aka fara tone-tonen. Shekara ashirin da 'yan kai mutum yana cin babban kaso na guminka, ba ka san ko sunansa ba. Idan haka ta faru ga mai tarin dukiya a ƙasar lauyoyi, mai kalangu a Kalgo ba shi da dalilin jin cewa shi ya fi ƙarfin a yaudare shi.

Binciken kansa ba wani aiki ne mai wuya ba, kuma rabinsa ba ya bukatar karatu. Dillalin da ya ce ya saba kai makaɗa wasa, to ya faɗi sunayensu. Ba waɗanda yake tare da su yanzu kaɗai ba, domin su bakinsu a ɗaure yake da abin da suke sa rai. Waɗanda suka rabu da shi ake nema, a je musu da ƙafa, a tambaye su tambayar da ta fi kowace amfani: bayan an tashi daga wasa, kwana nawa kuɗi ke yi kafin ya iso hannu, kuma yana isowa cif ko da giɓi? Duniyar makaɗa ƙarama ce, daga Yawuri zuwa Sakkwato kowa ya san kowa, kwana biyu sun isa a ji labarin mutum. Idan ya ambaci wani ɗakin taro ko wani biki, a kira masu wurin ta lambar da aka samo daga wani hannu, ba wadda shi ya bayar ba. Hotunan da ke cikin wayarsa, yana tsaye kusa da wane da wane, ba shaida ba ne. Kowa na iya tsayawa kusa da babban mutum a filin jirgi.

Ragowar rabin kuwa aikin minti kaɗan ne ga duk mai waya da intanet. Hukumar rajistar kamfanoni ta ƙasa, CAC, tana da shafin da kowa ke iya duba sunan kamfani kyauta, ya ga ko yana da rajista, da lambarsa, da ko yana raye a littafinsu. Rajista ba takardar shaidar gaskiya ba ce, ɓarawo ma na iya yin ta da kuɗi kaɗan. Amfaninta shi ne kwatantawa. Sunan da ke kan takardar yarjejeniya, da sunan da ke wurin hukuma, da sunan da banki ke nunawa idan an sa lambar asusu, da sunan da ke kan katin shaidar mutumin, ya kamata su haɗu wuri ɗaya. Inda aka samu suna huɗu daban-daban, to an gama bincike.

Maganar asusu ita ce zuciyar al'amarin a yau, kuma a nan ne kiɗan ya canza ba tare da makaɗa sun lura ba. Liƙi shi ne babban abincin makaɗin Hausa, kuma kyawunsa shi ne a fili ake yin sa, yaran makaɗi ne ke tsince shi. Ƙarancin takardun naira a farkon 2023 ya koya wa mutane tura kuɗi ta waya ko a filin biki. Sa'an nan a 2024 hukumar EFCC ta tashi haiƙan da gurfanar da masu watsa naira a taro, bisa sashe na 21 na dokar Babban Bankin Nijeriya ta 2007, wadda ta tanadi ɗaurin aƙalla wata shida ko tarar aƙalla naira 50,000 ko duka biyun. Manyan baƙi da dama suka koma cewa a ba su lambar asusu. Kyautar da a da sanƙira ke shelantawa yanzu tana shiga shiru cikin wayar mutum ɗaya. Wayar wa? Idan ta dillali ce, makaɗan sun koma masu jiran abin da aka ga damar faɗa musu. Babu shaida, babu lissafi, sai dai a ce musu taron bai yi albarka ba. Haka kafin alƙalami: mai biki ya biya rabi tun wata guda kafin rana, dillali ya riƙe ya yi shiru, ranar wasa ya ce ba a biya ba tukuna. Idan kuma ya karɓi kuɗin gida biyu a rana ɗaya, ba shi za a tare a hanya ba. Fuskar makaɗi aka sani, shi za a kira maci amana, ko a kai shi ofishin 'yan sanda.

Maganin wannan ba boyayye ba ne. Kuɗin wasa ya shiga asusun ƙungiya, wanda aƙalla mutum biyu ke ganin saƙonsa, daga nan a fitar wa dillali la'adarsa. A kasuwannin kiɗa na Turai da Amurka, la'adar mai samo wasa takan tsaya wajen kashi 10 zuwa 15 cikin 100, kuma a kan wasan da ya samo kaɗai. A jihar Kalifoniya ma sai da lasisin hukuma mutum ke sana'ar nema wa mawaƙa aiki. Makaɗin Kalgo ba shi da irin wannan katanga, saboda haka takardar da ke gabansa ita ce kaɗai katangarsa, ita ce kuma ramin da zai iya faɗawa.

A cikin takardar akwai wurare da ake binne ƙaya. Akwai wa'adi: shekara biyar ga mutumin da ba a taɓa gwadawa ba hauka ne, alhali kaka ɗaya ta isa a ga kamun ludayinsa. Akwai sharaɗin cewa duk wasan da ƙungiya ta yi sai ta hannunsa, wanda ke nufin bikin ɗan maƙwabci a Kalgo, da makaɗin ya saba yi tun kafin a haifi dillalin, shi ma sai an cire masa la'ada. Akwai sunan ƙungiya. Mawaƙin nan na Legas da aka sani da Kiss Daniel ya shiga shari'a da kamfaninsa a ƙarshen 2017, a 2018 kuma ya koma kiran kansa Kizz Daniel. Wanda bai san sunan mutum na iya zama abin jayayya a kotu ba, ga misali nan. Akwai kuma layin da ya fi kowane haɗari, wanda ke cewa duk abin da aka ɗauka na murya ko hoto mallakar dillali ne. Dokar haƙƙin mallaka ta 2022, wadda aka sa wa hannu a Maris 2023, ta ce sallama haƙƙi ba ya inganta sai a rubuce. An yi wannan don kare mai fasaha, amma ma'anarsa ta ɗaya gefen ita ce sa hannu ɗaya ya isa ya raba mutum da waƙar da ya gada daga ubansa. Solomon Linda na Afirka ta Kudu ya yi waƙarsa Mbube a 1939, ya sallama ta a kan 'yan sulalla, ta zaga duniya ta tara wa wasu dukiya, shi kuwa ya mutu a 1962 cikin talauci. Sai a 2006 magadansa suka samu sulhu. Mai neman wasa aikinsa neman wasa. Ba shi da hurumi a kan waƙa, kuma duk takardar da ta haɗa biyun a dunƙule ta cancanci a mayar wa mai ita.

Ga makaɗan Kebbi akwai ƙarin abu guda, wato iyaka. Gaya da Doso kasuwa ce ta kusa ga mai bi ta Kamba. An rufe iyakokin ƙasa a Agusta 2019, ba a fara buɗe su ba sai Disamba 2020, aka sake rufe ta Nijar bayan juyin mulkin Yuli 2023 har zuwa Maris 2024. Takardar da ba ta faɗi wanda zai ɗauki asara idan hanya ta toshe ba, ko da wane kuɗi za a biya, naira ko sefa, ko wa zai biya mota da masauki da komawa gida, ta bar waɗannan duka a wuyan mai rauni. Fasfo kuwa ba a ba kowa ajiyarsa.

Sai harshe. Takarda da Turanci a gaban wanda ba ya jin Turanci ba yarjejeniya ba ce, tarko ne mai hatimi. Tun zamanin Turawa akwai dokar da ta wajabta wa mai rubuta wa wanda bai iya karatu ba takarda ya sa sunansa da adireshinsa, a matsayin shaidar cewa an karanta masa an kuma bayyana masa kafin ya dangwala. Amma kotuna sun sha kai-kawo a kan ko wanda ya iya Larabci ko ajami, bai iya Turanci ba, ya shiga cikin wannan kariya, kuma kafin a warware irin wannan gardama kalangu ya riga ya tsage. Abin da ya fi sauƙi shi ne a rubuta yarjejeniyar da Hausa, ko a fassara ta a rubuce, wani wanda ba dillalin ya kawo ba ya karanta wa kowa a zaure. Wanda zai ce rubutu baƙon abu ne ga Musulmi, to ya tuna ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, cikin Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka, kuma fiƙihun Malikiyya da ake karantawa a zaurukan Gwandu ba ya inganta ijarar da ba a san ladanta ba.

Shugabannin makaɗa su ma ba za su fita salin-alin ba. Ƙungiyar kiɗa ba mutum ɗaya ba ce. Akwai 'yan amshi, akwai masu kalangu ko kotso, akwai sanƙira, akwai mai fiyano a ƙungiyoyin zamani, kowanne da iyali a bayansa. Shugaba yakan shige ɗaki shi kaɗai da dillali, ya fito ya ce an gama. Wani lokaci ba rashin sani ne ke sa shi ɓoye takardar ba, so yake kada yaransa su san ainihin kuɗin wasa. A shari'ar kwangila kuwa, wanda ba ya cikin yarjejeniya ba ya da bakin neman haƙƙi a kanta. Ɗan amshin da ya bar gonarsa ya bi tafiyar mako biyu ba shi da wanda zai riƙe. Shugaban da ke ɓoye wa yaransa lissafi ya riga ya gina ɗakin duhun da dillali zai ɓoye masa nasa.

Kaso mafi nauyi na laifin, duk da haka, yana kan masu ilimi. Kalgo ba daji ba ce. Mazaunin dindindin na Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi, wadda aka kafa a 2013, a kan hanyarta yake, babban birnin jiha kuma da lauyoyinsa da ma'aikatan bankinsa 'yar tafiya ce. Waɗannan mutane su ne ke rubuta kundin digiri a kan azancin Narambaɗa, su ne ke sa waƙoƙin Ɗanƙwairo a mota, su ne kuma ke zama a sahun gaba ranar biki ana wasa su da kakanninsu. Sun san makaɗan garinsu da suna. Karanta shafi huɗu ba zai ci wa lauya rabin sa'a ba, duba sunan kamfani ba zai ci wa malamin jami'a minti biyar ba. Makaɗi ba zai zo ofis ya roƙa ba, saboda nauyin nan da aka ambata, kuma saboda bai san akwai abin tambaya ba. A biki na gaba, lokacin da sanƙira ya ɗaga murya yana karanto lambar asusu, akwai lauya ko akanta a cikin rumfa da zai ciro waya ya tura dubu ashirin. Kafin ya danna, banki zai nuna masa sunan mai asusun, kuma shi kaɗai ne a duk filin yake ganin ko sunan na mutumin da ke waƙa ne.